Jan zaren da ke hannun Kadri

A tashar bas ta unguwar Jamaica, wata dattijuwa ta ji Kadri yana waya da Hausa. Da ya gama, sai ta nuna wuyan hannunsa.

"Samari, wannan jan zaren na magani ne?"

"A'a, Mama. Wata 'yar Indiya da muke aiki tare a filin jirgi ce ta ɗaura min jiya, da wata ya cika. Bikinsu ne. Mace takan ɗaura wa ɗan'uwanta zare ta roƙa masa tsawon rai, shi kuma ya yi alkawarin tsaya mata."

"To kai ɗan'uwanta ne?"

"Nata yana can gida. Mama, ko karyawa ba ta yi ba sai da ta ɗaura min! Ta kunna fitila, ta sa min alewa a baki, har da hawaye. Ta ce a wajensu ranar mai albarka ce. Rabon da wani ya yi min addu'a haka tun ina Kumasi."

"Kai, mutanen nan sun san zumunci! To me ya sa kake ta jan zaren kamar ya matse ka?"

Kadri ya sunkuyar da kai. "Wanda aka ɗaura wa ba ya neman aurenta. Ni kuwa jiyan na shirya faɗa mata."

"Ashe yarinyar ta riga ka magana." Ta laluba jakarta. "Ga almakashi."

Ya ja hannun riga ya rufe zaren.

"Bar shi, Mama. Na riga na amsa mata."