Hannu Na Goma Sha Shida

Mai girma Magajin Gari, Fasto Emmett, Shugabar makarantarmu, matar marigayi Madam Loretta Tandy da 'ya'yanki, malamaina da 'yan ajinmu, ina gaishe ku. Sunana Nora Hollis. Ban saba magana a gaban jama'a ba, ku yi haƙuri idan muryata ta yi rawa.

Marigayi malaminmu Mista Orville Tandy ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihin kafuwar Amurka a garin nan. Ya kasance mai tsayuwa a rumfar zaɓe kowace shekara a watan Nuwamba, yana miƙa wa masu layi kofi mai zafi. Ya kasance ba ya yarda mu haddace kalmar da ba mu yi aiki da ita ba. Shi ya sa ya mai da ajinmu majalisa, mu ashirin da huɗu sanatoci, shi shugaban ƙasa. Ranar da ya hana cin cingam, ɗan ajinmu Curtis ya miƙe ya ce ba a tuntuɓi wakilanmu ba, wannan ai mulkin Sarkin Ingila ne. Mista Tandy ya yi dariya har da hawaye, ya ce to mu zubar da shayinsa a teku kamar yadda mutanen Amurka suka yi wa shayin Ingila lokacin neman 'yanci, amma mu dawo masa da mazubin.

Ya koya mana cewa shugaba yana iya hawa kujerar na-ƙi, amma idan kashi biyu cikin uku na majalisa suka dage, doka ta zauna ko yana so ko ba ya so. Sau biyu muka kayar da shi haka, kuma duk biyun ya fi mu murna.

Da ya kwanta asibiti a watan Maris, muka zartar da ƙudurin zuwa duba shi. Takardar ta dawo da rubutunsa a ƙasa: "Na ƙi. Ku zauna ku yi karatun jarrabawa." Muka sake ƙuri'a. Hannu goma sha shida ake bukata, goma sha biyar suka tashi. Curtis ya juyo ya ce, "Nora, naki hannun ciwo yake yi?" Na sunkuyar da kai, ban ɗaga hannu ba. A ganina, ladabi shi ne a bar mara lafiya da abin da ya ce.

Madam Loretta, makon jiya kika gaya wa mahaifiyata cewa kullum da azahar yakan sa ki taje masa gashi, yana cewa, "Yarana sun san kashi biyu cikin uku. Suna tafe." Ba laifin ajinmu ba ne. Ni ce na hana su. Ki yafe mini.

A jarrabawa an tambaye mu yadda ake kayar da kujerar na-ƙi, na kuma amsa daidai.

Mista Tandy, ga hannuna. Na san ya makara.

Mun gode muku da kuka zo. Allah ya ba shi hutawa, ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa. Amin.