Ƙaiƙayin da Ya Faɗa Idon Rifkatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Saratu. Da yawanku kun san na daɗe ban tako cocin nan ba. Yau za ku ji dalili.

Da kakar bara na je aikin shiƙar shinkafa a fadamar Auyo, na tafi da 'yata Rifkatu don ba mai riƙe min ita. Iska ta juyo, ƙaiƙayi ya faɗa mata a idon hagu. Na hura, na wanke, ta ci gaba da murzawa. Kafin mu dawo Haɗeja idon ya yi jajir.

Mai kemis bai ko dube ta ba. Ya miƙo min maganin ɗigawa ya ce, "Apolo ce, kowa na yi." Jan ya ragu, na yi murna. Ashe ciwon ta ciki yake ci.

Da wani farin tabo ya fito a baƙin idon, nan na kawo ta, wurin zumuntar mata. Wata uwa a cikinmu, ba zan kama suna ba, ta buɗe idon da yatsa ta ce, "Saratu, wannan jifa ne, asibiti ba su san shi ba. Ki yi azumi, ki ɗiga mata man zaitun." Na yi azumi. Na ɗiga. Yarinya tana ihu, ana ce min ciwon ne yake fita!

Maƙwabciyata, Ya Falmata, ita ta leƙo ta ga ruwan da ke zuba daga idon. Ta ce, "Maman Rifkatu, wa ya ce ki zauna da wannan a gida? Ɗauko mayafinki." Ita ta tare mana keke zuwa asibiti.

Likita ya duba ya ce gyambo ne, ya cinye baƙin idon, maganin kemis ɗin ma ƙara rura shi ya yi. Ya ce, "Da kun zo da wuri, da tana gani. Yanzu in ciwon bai tsaya ba, sai mun cire idon."

Na tsani mai kemis. Na tsani uwar nan. Muna kwance a asibiti, cikin waɗanda suka ba ni shawara ba wadda ta leƙo mu. Ubangiji ma na daina yi masa magana.

Safiyar da za a yanke maganar cirewa, Rifkatu ta kamo zanina ta ce, "Mama, ba za mu yi addu'a ba?" Na durƙusa a gefen gado. Ba addu'a mai daɗi na yi ba. Cewa na yi, "Ya Ubangiji, ina fushi da kai da mutanenka. Amma ba ni da kowa sai kai. Ka bar mata shi."

Likita ya buɗe bandejin, ya daɗe yana haskawa, ya ce maganin da suka sa mata ya kama. Halleluya! Ba a cire ba!

Ga ta can a gaba. Idon hagu ba ya gani, ba kuma zai gani ba. Da na dama take karatu. Gafara kuwa ina kan koyo, ban gama ba.

Na gode wa Ubangiji da ya tsayar da ciwon, ya kuma dawo da ni. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Amma in abu ya faɗa idon ɗanku, ku yi addu'ar kuna kan hanyar asibiti. Amin.