Numfashin da Suka Manta Ba Su Yanke Ba

Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri, zan gaishe ku, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a wuya.

Kwana shida da rasuwar maigidana, ina zaune a ɗaki, masu gaisuwa sun ɗan ragu, sai babbar 'yarmu ta shigo da waya a hannu. Ta ce, "Umma, saurari wannan." Shafin wani abokin aikin babanta ne, inda yake tallata kansa, ya jera ayyukan da ya ce shi ya sa musu murya. Ta danna na farko, tallan sabulu. An ɗan ƙara wa muryar kauri da na'ura, har na ce ban san ta ba. Sai mai maganar ya ja numfashi kafin ya ce "sabulu", na ji wani siririn fito a ƙirjinsa. Shekara ashirin da uku ina zaune da wannan fiton. Shi nake ji in ajiye abin da nake yi in nemo masa maganin shaƙa. Na ce mata, "Sake sawa." Ta sake. Na ce, "Wannan babanki ne." Talla huɗu muka samu a shafin, duk muryarsa, duk da sunan wani.

Yanzu zan gaishe ku. Shugaban ƙungiyar masu sa murya da mataimakansa, ina gaisuwa. Malamanmu, masu gidajen rediyo, masu kamfanonin talla, sannunku da zuwa. Inna, mahaifiyarsa kuma uwata, Allah ya ƙara miki haƙuri. Yayyensa da ƙannensa, 'ya'yana, maƙwabtanmu da suka sha jure mana, na gode da kuka zo.

Ya kasance mutum mai aiki a cikin kabad ɗin kayana. Wasu za su ɗauka wasa nake. Ba mu da ɗakin ɗaukar murya a gida, sai ya gano cewa zannuwa da riguna suna shanye ƙara. Ya kan ture kayana gefe, ya shiga da kujera 'yar ƙarama da makirufo, ya ja ƙofa. Daga nan fanka ta mutu, keken ɗinkina ya tsaya, yara su koma magana da hannu. Maƙwabcinmu mai gyaran babur ma ya san in na leƙa ta taga na ɗaga yatsa, zai kashe inji. Unguwa guda muka yi ta riƙe numfashi don a ɗauki nasa. In ya fito, jiƙe da gumi, sai ya ce, "Yau atamfarki shuɗiya ta fi kowa saurare."

Ya kasance mai tallata kansa, kada wani ya ce kunya ce ta cuce shi. Yana da samfurin muryarsa na minti ɗaya, yana tura shi ko'ina, yana bin kamfanoni da ƙafa, yana buga waya har a gaji da shi. Katinsa ma kun san shi. An rubuta: talla, karatun littafi, sanarwar asibiti. A ƙasa kuma ya sa aka ƙara, "Ba na waƙa." Na ce masa, "Wannan kuma na mene ne? Wa ya tambaye ka?" Ya ce, "Za su tambaya. Gara su sani tun a kati."

Kuna kiransa Sau-Ɗaya, wai shi sau ɗaya yake karanta talla a ɗauka. Duk wanda ya faɗa a gabansa sai ya gyara masa: "Wancan sau tara na yi, ka tambayi mai kabad ɗin."

Akwai shekarar da wani kamfani ya nemi mai murya a harshe uku. Biyu ya iya sosai, na ukun gaisuwa kawai ya sani da sayen kaya a kasuwa. Ya gaya musu haka, aikin ya wuce shi. Ranar na yi faɗa. Na ce, "Kai kaɗai ne mai gaskiya a duniya? Kowa yana ɗan ƙara gishiri." Ya dube ni ya ce, "To in na ce na iya, ranar aiki ke za ki shiga kabad ɗin?" Na so in ci gaba da fushi, dariya ta hana ni. Bayan wata takwas kamfanin nan suka dawo da wani aikin. Matar da ta kira ta ce masa, "Mun neme ka ne don kai in ka ce za ka iya, ba ma sake tambaya."

Ya kasance namu duka. Mu da muke zuwa asibiti mun ji shi yana gaya mana ranar rigakafi, bai karɓi komai a kai ba. Ɗalibai makafi sun yi jarrabawa da littattafan da ya karanta musu, shafi bayan shafi, ƙirjinsa yana ciwo. Da yawa a cikinku da ke zaune nan shi ya gyara muku samfurinku na farko, kuma na ji abin da yake gaya muku ta bayan labule: "Wannan ke kika yi? In ba ke ba ce, to cire shi. In layi biyu kika karanta a talla, ki rubuta layi biyu."

Shi ya sa ɗan littafin da aka raba a ƙofa ya ƙona mini rai. An rubuta ya yi aiki da harshe biyar. Biyu ne. An rubuta ya ci lambar yabo. Bai taɓa ci ba. Sau ɗaya aka sa sunansa, wata ta ci, ya dawo gida ya ce ta fi shi. Na san don ƙauna kuka yi, amma da yana nan da ya bi ku kujera kujera da biro yana gogewa. Kun ƙara masa abin da bai yi ba. Abin da ya yi kuma, talla huɗun nan, kun cire daga ayyukansa da za a sa mana yau, aka ce wa 'yata wai suna shafin wani ɗan ƙungiya, ba a son rigima a taro.

To ni na zo da rigimar.

Mai shafin yana nan, ina ganinsa, ba zan nuna shi ba. Yana da sutudiyo, shi ke karɓo aiki wani lokaci ya kawo wa maigidana. Ya ci abinci a gidana ba sau ɗaya ba. Matar yaya yake kirana. 'Yata ta karanta mini ranar da ya ɗora tallan nan a shafinsa, na lissafa, ranar da aka sa wa maigidana robar numfashi ce a asibiti. Washegari ya zo dubiya da lemo.

Da muka gano abin, na hau benen sutudiyon nan nasa da ƙafata. Na ce, "Ƙanina, muryar wa ce a tallan sabulu?"

Ya ce, "Matar yaya, aikin sutudiyona ne. Haka ake yi a harkar."

Na ce, "Aikin sutudiyonka ne, na ji. Ƙirjin wa?"

Ya juya abin sawa a kunne a hannunsa. Sai ya ce, "Ki bar maganar nan don Allah. Mamaci ai ba ya neman aiki."

Ban zage ka ba ranar, yau ma ba zan zage ka ba. Gaskiyarka, ba ya neman aiki. Amma bai bar mana gida ba, bai bar mota ba, muryar nan ce abin da ya bari da sunan da ke kanta. Ran da jikokinsa suka ce a sa musu kakansu, me za a ce musu? Su nemi izininka? Kuma kai, in kamfani ya ji tallan nan ya kira ka ya ce yi mana irinsa, da wane maƙogwaro za ka yi? Ya koya maka yadda ake tsayawa gaban makirufo. Wannan ma ya koya maka, kai ne ba ka ɗauka ba.

Inna, ki yafe mini da na ɗaga murya a gabanki. Ɗanki kika haifa mai gaskiya, ni shaida ce. Yayyensa, na san kun ce in bar wa Allah. Na bar masa abin da yake nasa, mayar da sunansa kuwa aikin 'yan mintoci ne a waya, mutum ke yinsa. 'Ya'yana, ku daina sunkuyar da kai, ba ku ne kuka yi abin kunya ba.

Na gode wa duk wanda ya yi ɗawainiyar wannan taro, da waɗanda suka zauna da mu a asibiti, da mai gyaran babur da ya kai mu ranar ƙarshe. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa kwanciya kamar yadda bai samu sauƙin numfashi a duniya ba. Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka yi daidai yadda muka yi shi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Shugaba, mako uku ke nan da 'yata ta kawo maka takarda, muna roƙon ƙungiya ta sa a mayar da sunansa kan talla huɗun nan. Sakatarenka ya ce tana kan teburinka. Har yau ba a sa mata hannu ba.