Shayin da na riƙa dafa ma Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da likitan da ke tare da kai. Ni manomin albasa ne daga Taloka, don Allah a sakaya sunana.

Mahaifina shi ne ladanin unguwarmu. Bara wani ƙullutu kamar goro ya fito mai a wuya, asibiti sunka ce ciwon daji ne. Wani abokina ya rantse mani ganyen wiwi na kashe ciwon. Sai na riƙa dafa shi cikin shayin Baba a ɓoye, don ko warin wiwi ba ya so.

Ya koma cin tuwo, ya daina nishi. Munka ɗauka sauƙi ne, munka bar zuwa asibiti wata huɗu. Yau ƙullutun ya kai albasa, kiran salla ya gagare shi.

Likita, wiwin ne ya ƙara ciwon, ko rufe muna ido kawai ya yi? Kuma mi zan ce ma Baba? Na daina sakawa, kullum shina tambayata: "Ɗana, ina shayin nan naka mai albarka?"