Dawar da ta fito a kan kushewar babana

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, da duk masu saurare. Ni ne Sale Mai-galma daga Ruwan Godiya.

Tun ina saurayi nake yi wa wani Alhaji ƙwadago. A kusurwar gonarshi akwai tsohon kufai, nan kushewar babana take. In muna huɗa muka iso wurin, sai mu ɗaga galma, mu yi addu'a, mu kewaye.

Da aka ƙara wa ma'aikata albashi, samari suka tafi birni aikin gini, kuɗin ƙwadago ya hau. Mu ma muka nemi ƙari. Alhaji ya ce, "Sale, bana ba ni iyawa da ku." Ya ɗauko hayar tarakta daga Funtuwa. Direban baƙo ne, ba wanda ya gaya mashi akwai kushewa a kusurwar. Kafin in ji labari ya baje wurin.

Na zagaya har na gaji, ban gane inda babana yake kwance ba. Da damina ta yi nisa, sai na ga dawar kusurwar nan ta fi ta ko'ina tsayi da duhu. Har yau hankalina bai kwanta ba.

Da kaka Alhaji ya aiko mani da dami biyu na dawa, zakka daga gonar. Suna jingine a zaure, ga rumbuna wayam. Uwar yara ta ce, "Malam, in sussuke?"

Malamai, ku taimake ni: ya halatta yarana su ci tuwon dawar nan?