Albasar da Baban Rahila Ya Rubuta wa Lamba

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, matar marigayi Bitrus mai gyaran injin ban ruwa nan Achida. Kun daɗe ba ku gan ni kan bencin nan ba. Fushi nake da Allah, shi ya hana ni zuwa.

Ɗiyarmu Rahila tana ajin ƙarshe na sakandare. Malaminsu na lissafi ya ce kowa ya nemo tambaya tashi, ya tsara yadda zai bincika ta, makin ya shiga sakamakon shekara. Rahila ta rasa mi za ta yi. Sai babanta ya ce, "Ke, ba ki jin manoma na kukan albasa na ramewa in an ajiye ta? Auna ki gani, nawa take raguwa duk mako, ki gano lokacin da ajiya ke komawa hasara."

Sunka tahi Goronyo sunka zaɓo albasa, manya da ƙanana. Shi da hannunshi ya rubuta wa kowace lamba a ɓawonta, sunka jera su kan ɗan gadon kara a ɗakin ajiya. Duk Asabar sai su ɗauko sikeli, shi yana riƙewa, ita tana karantawa, suna ta gardama. Ni kuwa tsiya nake musu: "Albasa dai ta miya ce, ku kun sa ta makaranta!"

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin mu ankara, Bitrus ya tahi. Wayyo!

Kun san al'adar garin nan, gidan rasuwa ba ya dafa wa kanshi abinci. Makwabtanmu musulmi sunka cika gidan da tukwane, Allah shi saka musu. Inna Hajo, da katanga ɗaya ta raba mu, ta leƙo ta ce, "Maman Rahila, albasa ta ƙare, ina kuke ajiyewa?"

Ko kai ban ɗaga ba. Na ce, "Ku duba ɗakin ajiya, ku ɗebi duk abin da kunka gani."

Sunka ɗebe duka. Masu gaisuwa sunka ci.

Da anka watse, Rahila ta shigo da ɓawon albasa cike da tafinta, daga shara ta tsinto. Rubutun babanta na jiki, an yayyanka. Ta ce, "Mama, wa ya ce su taɓa?"

Na ce, "Ni."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta daina yi mini magana sai gaisuwa. Malaminsu ya ƙara mata lokaci, ta ce ita da lissafi har abada. Ina kallon shekararta na lalacewa, ina kallon ɗiyata na nisa da ni cikin gida guda. Na ce wa Allah, ka ɗauke mijina, ka kuma bari bakina ya rushe abin da ya bar wa ɗiyarshi? Na rufe Littafi Mai Tsarki, na daina zuwa sujada.

Wata rana da hantsi na shiga share ɗakin ajiyan nan da nake gudu. Sai na ga gadon karan wayam. Na durƙusa da tsintsiya a hannu, na ce, "Yesu, na gaji. Ban iya maido albasa, ban iya maido Bitrus. Ka maido mini da ɗiyata."

Na tashi na ci gaba da shara. Sai tsintsiya ta turo wani abu daga bayan randa. Albasa guda! Lamba bakwai, da rubutunshi, har ta yi tsiro kore.

Na kai wa Rahila. Ta daɗe tana juya ta, ta ce, "Wagga ba ta aunuwa, Mama, ta tsiro." Sai ta faɗo jikina. Ranar munka yi kukan da ba mu yi tare ba.

Inna Hajo da ta ji labari ta yi ta salati, ta sa mijinta ya kawo albasa daga gonarshi. Rahila ta sake tsarin aikin daga farko. Lokaci ya ƙure, awon bai yi yawa ba, makin da ta samu tsaka-tsaki ne. Da a ce na ɗaga kai ranar makokin nan na tambayi Inna wace albasa, da aikin ya fi haka. Wannan nadama tana nan, ba zan yi muku ƙarya ba.

Amma ran da take rubuta sababbin lambobi, daga shida ta tsallake zuwa takwas. Ta ce bakwai ta Baba ce, tana can an dasa ta bakin randa. Sannan ta miƙo mini sikeli ta ce, "Mama, ki riƙe, ni in karanta."

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! 'Yan'uwa, in akwai ɗakin da kuke gudun shiga, ku shiga da Yesu, ba ya barin mutum shi kaɗai a ciki. Amin.