Wa Ya Ɗauke Gurup Ranar Jana'izar Ma'azu?

Salamu alaikum. Wakilin prefe na Tibiri, magajin gari, limamai, Fasto Barthélemy, Bushira uwar gidan mamaci da ɗiyanta, ina gaishe ku. Ni ce Habsatu, majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ƙaramin asibitinmu. An ce in yi yabo in zauna. Zan yi yabon, amma ba yanzu zan zauna ba.

Ma'azu ya kasance mai kula da ordinata, na'urar da ke riƙe da rumbun bayanan marasa lafiyarmu. Ya kasance mai taurin kai, mun sha faɗa da shi. Ko yunwa na cinmu, ba ya bari a kashe gurup ɗin da ke ba mu wuta sai kowa ya fita daga rumbun, na'ura ta gama rubuta abin da ke bakinta, ya rufe ta a hankali, sannan ya ɗauki kwafin ajiya. Yakan ce mini, "Majo, kwafin da anka ɗauka bayan an fizge wuta gurgu ne, ba ya tashi."

Ya kasance haka har cuta ta kayar da shi.

Yau gari ya ɗauka wai Ma'azu ya tafi da bayanan masu hawan jini da masu sikila. Har a lakwal 'yan makaranta na ce wa ɗansa Luƙman ɗan ɓarna. Ƙarya ce!

Ranar jana'iza, muna tsakiyar aiki, wasu manya sunka aiko a kwance gurup, a kai rumfar gaisuwa don fanka ta hura musu. An fizge waya na'ura na rubutu. Washegari, don ɓoye kunya, anka kwafe rumbun da ya lalace bisa kwafin ƙarshe mai lafiya da Ma'azu ya bar muna, don a ce haka ya bar shi. Mutum na kwance cikin kabari, ya za a yi ya taɓa waya?

Bushira, ɗaga kanki. Luƙman, ubanka bai ɓata kome ba.

Alhaji Abdul'aziz, shugaban komitinmu, ga ka nan bisa kujerar gaba. Amalankenka ne ya ɗauki gurup ɗin. Ka faɗa wa yaron nan da bakinka kafin a watse.

Mun gode wa kowa. Allah ya jiƙan Ma'azu, ya haskaka makwancinsa. Alhaji, ga lasifika, muna jiranka.